Tusar jaki a hannun yaro: a yanke, a ƙona, ko a jira?

Tambayar ta zo ne daga wata baiwar Allah da ke unguwar Birni, cikin Damagaram. Ta ce yaron wajenta mai shekara 9 ya fito da tusar jaki guda ɗaya a bayan yatsa tun hunturun bara, yanzu sun kai bakwai, biyu daga ciki a gefen farce, ga kuma wani abu mai tauri a tafin ƙafa da ke sa shi ɗingishi. Mahaifinsa mahauci ne, shi ma ya daɗe da irinsu a hannu. Kakar yaron ta ce a ɗiga nonon tumfafiya, wani maƙwabci kuma ya ce a kai wa wanzami ya cire su har saiwa. Ita kanta tana da ƙananan baƙaƙen tsiro a kumatu da wuya, tana tsoron ko ita ce ta shafa masa.

Malama, Allah ya ba yaro lafiya. Zan fara da maganar saiwa, domin daga nan ne yawancin ɓarnar da ake kawo mana take tasowa. Tusar jaki ba ta da saiwa. Fatar mutum hawa biyu ce: akwai ta sama, siririya, wadda kullum take saɓulewa tana sabuntawa ba tare da mun lura ba, akwai kuma ta ƙasa mai kauri, inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke. Tusar jaki a hawan sama take zaune, ko da ta shekara goma a jiki. Baƙaƙen ɗigon da ake gani idan an kankare samanta, waɗanda mutane ke ɗauka bakin saiwa ne, ƙananan jijiyoyin jini ne da suka miƙo don ciyar da ita, jini ya daskare a cikinsu. Saboda haka duk wanda ya haƙa rami da aska yana neman saiwa, lafiyayyen nama yake yankewa, kuma abin da zai bari shi ne tabo, sau da yawa ma tusar jakin ta sake fitowa a bakin tabon.

Jaki kuwa sunansa kawai aka ara, babu ruwansa. Abin da ke kawo ta ƙwayar cuta ce ta jinsin bairos da ake kira HPV, wadda a jikin ɗan Adam kaɗai take iya hayayyafa. Shanu da karnuka suna da nasu irin daban, kuma tsiron da kike gani a wuyan maraƙi ba ya kama mutum. Tun a 1907 wani likita ɗan Italiya mai suna Giuseppe Ciuffo ya niƙa tusar jaki, ya tace ruwanta da matacin da ƙwayoyin bakteriya ba sa iya wucewa, ya sa a fatarsa, daga baya tsiron ya fito masa, aka gane cewa abin da ke haddasa ta ya fi bakteriya ƙanƙanta. A yau an san nau'o'in HPV sama da 200, kuma an ba kowane lamba. Masu fitowa a bayan hannu da yatsu, masu kaushi kamar bayan ƙadangare, galibi nau'i na 2 ne da na 27 da na 57. Mai zurfi a tafin ƙafa yawanci na 1 ne. Ƙananan shafaffu da ke bazuwa a fuska na 3 ne da na 10. Na 6 da na 11 su ne ke kawo tsiro a al'aura, sannan na 16 da na 18 su ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Na kawo wannan ne don kada wata rana ki ji sunan HPV a rediyo tare da sankara gabanki ya faɗi: irin da ke hannun yaronki dangi ne na nesa, kuma ba shi ne mai kawo waccan cutar ba.

Ƙwayar ba ta iya ratsa lafiyayyar fata, sai ta sami kafa, ko da kafar ba ta kai a gani da ido ba. Idan ta shiga, sai ta sauka can ƙasan hawan sama inda sabbin ƙwayoyin fata ke haihuwa, ta tilasta musu yawaita fiye da ƙima, su taru su yi tudu. Wannan aiki yana ɗaukar wata ɗaya zuwa shida, wani lokaci ya wuce shekara, shi ya sa da wuya mutum ya iya tuna inda ya ɗauko ta. Ba mamaki ne ta fara wa yaron da hunturu, lokacin da fata ke bushewa, ƙafa ta yi faso, gefen farce ya tsattsage. Ana ɗauka ta hanyar taɓa mai ita, ko ta silifas ɗin makewayi da kowa ke sakawa, ko dutsen goge kaushi na gida ɗaya, ko almakashin masu yankan farce da ke yawo a kasuwa, ko askar da ba a sauya ba. Amma yadda guda ɗaya ta zama bakwai, wannan aikin yaron ne da kansa: yana ƙwaƙularta, yana cizon farce, yana sosa nan ya sosa can. Biyun da ke gefen farce kusan shaida ce cewa yana kai yatsa baki, kuma idan ba a hana shi ba za ta iya fito masa a leɓe.

Game da maigidanki, an daɗe da sanin cewa mahauta da masu sayar da kifi sun fi sauran mutane fama da ita, har nau'i na 7 ana yi masa laƙabi da tusar jakin mahauta. Nau'in na mutane ne, ba daga dabbar da aka yanka yake fitowa ba, kuma wanda ya ci naman ba zai kamu ba. Hannun da ke wuni a jiƙe, ga yankan wuƙa, ga tsinin ƙashi, shi ne ke buɗe wa ƙwayar ƙofa kullum. Yana yiwuwa a wurinsa yaron ya ɗauka, yana kuma yiwuwa a wurin abokan ajinsa ne, domin tsakanin ƴan gida ɗaya da ƴan aji ɗaya ta fi yaɗuwa, kuma neman mai laifi ba zai sauya magani ba.

Naki kuwa, bisa yadda kika kwatanta, ina kyautata zaton ba tusar jaki ta bairos ba ce. Baƙaƙen ɗigo masu santsi da ke taruwa a kumatu da gefen ido abu ne da ya yawaita a baƙar fata, musamman ga mata, gado ne, yana ƙaruwa da shekaru, kuma ba a shafa wa kowa. Masu laushi da ke lilo a wuya ko hamata kamar an rataye su da zare, su ma ba sa yaɗuwa, sai dai idan sun yi yawa yana da kyau a auna sukarin jini, don suna yawan zuwa tare da ƙiba da ciwon sukari. Matsalar ita ce a bakin mutane duk sunansu ɗaya, sai mace ta sayi maganin hannu ta shafa a fuska ta ƙone. Tusar jakin fuska ta gaskiya ƙanana ce, shafaffiya, tana fitowa da yawa, wani lokaci a jere kamar layi a inda farce ko reza ta bi. Tana samun sarari sosai a fuskar masu shafa man sauya launin fata, domin da yawa daga cikin waɗannan mayuka suna ɗauke da sinadari irin su clobetasol, wanda ke danne garkuwar fata.

Abin da ke tafin ƙafarsa yana buƙatar a duba shi da kyau, saboda kanta da tusar jaki suna kama da juna a wannan wuri, tun da nauyin jiki yana danna tsiron ya koma ciki. Ki wanke ƙafar, ki duba da hasken rana. A kan kanta, zanen fata yana bi ta samanta ya wuce, kuma ta fi zafi idan an danna ta kai tsaye. A kan tusar jaki zanen yana katsewa ya kewaye ta, ana ganin baƙaƙen ɗigon nan, kuma ta fi zafi idan an matse ta daga gefe biyu. Yaron da ke yawo ba takalmi yana iya taka ƙaya ko kwalba ta zauna a ciki fata ta rufe, don haka idan wurin ya yi ja, ya yi ɗumi ko yana fitar da mugunya, a kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, kafin a sa komai.

Akwai inda ban yarda a yi magani a gida ba sam. Tsiron da ke girma da sauri, ko yana zubar da jini ba tare da an taɓa shi ba, ko ya zama gyambon da ya ƙi warkewa, musamman ga dattijo ko zabiya, sai likita ya gani, domin sankarar fata tana iya farawa da wannan kama. Haka baƙin tabo mai faɗaɗa a tafin ƙafar babba ko ƙarƙashin farce, wanda shi ne wurin da wata muguwar sankara ta fi fitowa a baƙar fata. Babban mutum da tusar jaki ta bazu masa da yawa a ɗan lokaci ya kamata a yi masa gwajin cutar sida, kuma shawarar gwajin ba zargi ba ce. Tsiro a al'aura ko dubura yana da nasa magunguna daban, wasu daga ciki haramun ne ga mai ciki, ga shi kuma tunjere yana fitar da abu mai kama da shi a wurin. Mai ciwon sukari kuwa kada ya kai reza ko asid ƙafarsa, domin ƙaramin rauni a wurinsa yana iya kaiwa ga yanke ƙafa.

Idan an tabbatar tusar jaki ce ta yau da kullum, to abu mafi muhimmanci da za ki riƙe shi ne garkuwar jiki ce ke kashe ta. Ƙwayar tana ɓuya a hawan fata na sama inda jini ba ya kaiwa sosai, shi ya sa jiki ke daɗewa bai farga da ita ba, amma ranar da ya farga sai duk su yi baƙi su bushe su zube, kusan lokaci guda, ba tabo. A yara, kusan rabi suna rabuwa da ita cikin shekara ɗaya ba tare da magani ba, kusan biyu cikin uku kuma cikin shekara biyu. A manya tana iya kai shekara biyar ko fiye. Wannan ne dalilin da ya sa kowane magani a garin nan yake da mai shaidarsa: wanda ya ɗaura zare, da wanda ya shafa toka, da wanda ya goga albasa, kowa zai rantse nasa ne ya yi aiki, alhali lokacin tafiyarta ne ya zo. Da yaronki guda ɗaya ce gare shi a bayan hannu, ba ta zafi, da na ce ki bar ta. Amma tana ƙaruwa, ta kama gefen farce inda za ta iya lalata shi, ga ɗingishi, don haka ina ganin a yi magani.

Maganin da za a fara da shi shi ne asid ɗin salisilik. A farmasi ana samunsa a matsayin ruwa mai ƙarfin kusan kashi 17 cikin 100, irin su Duofilm wanda aka haɗa da asid ɗin laktik, ko a matsayin filasta mai kashi 40 da ta fi dacewa da tafin ƙafa. A takardar likita za ki ga an rubuta sunan cutar da Faransanci, verrue. Kada a ba ki man Whitfield a madadinsa, domin kashi 3 kawai ke cikinsa, na makero ne, ba zai taɓa wannan kauri ba. Aikin asid ɗin shi ne narkar da fatar da ƙwayar ke ciki hawa-hawa, tare da ɗan tsokanar wurin har garkuwar jiki ta waiwayo.

Yadda ake sa shi ya fi sunan maganin muhimmanci, kuma a nan ne yawancin iyaye ke faɗuwa. Kowane dare ki jiƙa wurin a ruwan ɗumi na kamar minti 5, ki tsane shi, sannan ki goge farar matacciyar fatar da ke sama a hankali da guntun dutsen kaushi ko takardar goge katako, wanda aka ware don wannan aiki kaɗai, ba mai taɓa shi, kuma ba a kai shi kan lafiyayyar fata. Da zarar yaron ya ce zafi ko kika ga alamar jini, ki tsaya. Ki zagaye tsiron da man basilin don kare fatar gefe, ki ɗiga maganin a kan tsiron kawai da tsinke, ki bari ya bushe, ki rufe da filasta, ki wanke hannunki da sabulu. Idan wurin ya yi ja yana raɗaɗi, a huta kwana biyu ko uku sannan a ci gaba. A gefen farce a sa kaɗan ƙwarai, kuma rufe yatsan da filasta yana da amfani na biyu, wato hana shi kai wa baki. Ba a sa wannan magani a fuska ko al'aura, kuma a ajiye kwalbar nesa da wuta da ƙananan yara, a rufe ta sosai, don zafin garinmu yana busar da ita cikin ƴan kwanaki. Ruwan yana bushewa ya zama farin ɓawo kamar leda, don haka ga maigida, wanda zai damu da alwala, ya sa bayan sallar isha'i ya ɓare da asuba.

Za a yi haka har mako 12, kuma gaskiya ita ce ko an yi daidai ba kowa ke warkewa a zagayen farko ba. A wani bincike da aka yi a ƙasar Holan aka buga a 2010, bayan mako 13 tusar jakin hannu ta tafi ga kashi 49 cikin 100 na waɗanda aka daskarar wa tsiron da ruwan naitirojin, kashi 15 na masu asid, kashi 8 na waɗanda aka bari kawai, amma a tafin ƙafa ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin ukun ba. Wani binciken a Birtaniya da Ireland da aka buga a 2011 kan ta tafin ƙafa ya sami kashi 14 ga asid, kashi 14 ga daskarewa, bayan mako 12. Saboda haka duk mai tallar da ya ce miki nasa na kwana uku ne, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma abin da ke kwalbarsa yana cin nama.

Daskarewar da na ambata ana yin ta ne da ruwan naitirojin, wanda likitocinmu ke kira azot, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ana taɓa tsiron da shi na ƴan daƙiƙoƙi, wurin ya yi bororo, ya bushe ya faɗi, a maimaita bayan mako biyu ko uku, sau uku ko huɗu. Ba ko'ina ake samunsa ba, domin yana tsiyayewa ya bi iska ko a cikin tulunsa na musamman, sai a tambaya a sashen fata na babban asibiti. Yana da zafi ga ƙaramin yaro, kuma a fatarmu yana da wani aibi da littattafan Turai ba sa tsayawa a kansa: ƙwayoyin da ke ba fata launi sun fi saurin mutuwa da sanyi, sai wurin ya bar farin tabo na watanni, wani ma har abada. Akwai kuma ƙonawa da na'urar lantarki ko kankarewa bayan allurar kashe zafi, wanda ya dace da guda ɗaya mai tsini, ko wadda ta gagari sauran hanyoyi. Ni dai ba na gaggawar yin sa a tafin ƙafa, domin tabo a wurin taka ƙasa yana iya yin zafi tsawon rai, alhali tusar jakin baƙuwa ce mai tafiya. Wanda kuma a danginsu tabo ke tasowa ya yi tudu, kamar yadda ake gani a kunnen wasu mata bayan huji, ya faɗa wa likita kafin a taɓa shi.

Nonon tumfafiya da Inna, kakar yaron, ta ambata ba daga banza ta faɗa ba, tsofaffi sun ga yana cin fata, kuma lallai yana ci. Illarsa ita ce ba a san ƙarfinsa ba, ba ya bambance tsiro da lafiyayyar fata, kuma yaro mai shekara 9 ba zai kwana bai murza ido ba. Idan ya shiga ido yana kumbura baƙin idon, gani ya dushe na kwanaki. Nonon aguwa da na tinya su ma haka suke. Mafi muni shi ne ruwan batir da soda. An taɓa kawo mini yarinya da aka ɗiga wa ruwan batir a gaɓar yatsa, tusar jakin ta tafi, amma tabon ya janye fatar har yatsan ya kasa miƙewa, kuma gyaran wannan sai tiyata. Askar wanzami tana zubar da jini, tana shuka ƙwayar a duk inda ta bi, kuma idan ba sabuwa ba ce tana iya ɗauko ciwon hanta nau'in B daga wani, ban da hatsarin cutar sarƙewar haƙora idan ƙasa ta shiga raunin. Idan za ki yi wa Inna bayani, ki ce mata maganin farmasi ma cin fatar yake yi kamar tumfafiya, sai dai an auna shi, kuma ki roƙe ta ta riƙa tuna muku da shi kowane dare, don tsofaffi sun fi mu naci a irin wannan.

Allurar rigakafin HPV da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14 an yi ta ne don kare su daga sankarar bakin mahaifa, wasu irinta kuma har da tsiron al'aura. Ba ta warkar da tusar jakin da ta riga ta fito a hannu, amma idan kina da ƴan mata a wannan shekaru ki tambayi majo, wato babban malamin asibitin unguwarku, game da ita.

A cikin gida, yaron ya sami nasa silifas da tawul da abin yankan farce, a yanke faratan masu ciwo a ƙarshe, a riƙa shafa masa man kaɗanya ko basilin a hannu da ƙafa da hunturu don hana tsagewa. Ba a hana shi makaranta, ba a ware masa kwano. Maigida ya yi nasa maganin a lokaci guda, ya rufe yankan wuƙa da filasta, ya tsane hannu idan ya tashi daga aiki, ya kuma sa rai cewa nasa zai fi na yaron daɗewa. Alamar warkewa ita ce baƙaƙen ɗigon sun ɓace, wurin ya yi daidai da fatar gefe, zanen fata ya dawo ya ratsa ta kansa. Kada a tsaya don kawai tudun ya kwanta, domin abin da ya rage a gefe shi ke dawo da ita. Idan mako 12 ya cika tana nan, ko farcen ya fara tashi daga namansa, ko ɗingishin ya ƙaru, ki kawo shi asibiti tare da kwalbar maganin da kuka yi amfani da ita.